Ƙafar roba ba a sayenta sau ɗaya

Sau biyu a shekara ake tunawa da naƙasassu a ƙasar Nijar: ran 31 ga watan Yuli, wadda ita ce ranarsu ta ƙasa, da ran 3 ga watan Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu tun shekarar 1992. A waɗannan ranaku akan kafa rumfuna, a jera kujeru, manya su yi jawabi, a raba kekunan guragu da sanduna da buhunan shinkafa, wani sa'in har da ƙafafun roba. Wanda aka ɗaura wa ƙafa ya miƙe ya yi taku uku ko huɗu gaban jama'a, a tafa, a ɗauki hoto, a watse. Wannan ba abin zargi ba ne, gama wanda ya tashe ka tsaye ya yi maka alherin da ba ka mantawa. Sai dai ba a cika samun mai komawa bayan shekara uku ya tambayi inda ƙafar nan ta kwana ba. Da ana komawa, da an tarar da wasu rataye a bangon ɗaki, wasu jingine bayan rumbu, masu su kuwa sun koma ga sandarsu ta da.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ƙafar roba ba kamar raƙumi take ba, da za a saya rana ɗaya a kasuwa a yi shekaru ana hawa. Ta fi kama da takalmi: tana cinyewa, tana tsagewa, jikin da ke sanye da ita kuma yana sauyawa. Masu wannan sana'a sun daidaita a kan cewa babban mutum yana bukatar sabuwa bayan shekara 3 zuwa 5. A ƙasar duwatsu da rairayi da ƙaya irin ta Adar, tafin ƙafar yakan mutu tun kafin wannan wa'adi ya cika. Saurayin da aka yanke wa ƙafa yana ɗan shekara 20, in Allah ya ja kwanansa ya kai 65, zai ci ƙafa goma ko fiye. Don haka mai tambayar nawa ne ƙafar roba, rabin tambaya ya yi. Sauran rabin shi ne nawa ne tafiya da ƙafa biyu har ƙarshen rai, kuma daga aljihun wa.

A ɗauki Tebaram abin misali. Tana yamma da birnin Tawa, tafiyar da ta kusa kilomita 100, bisa hanyar da ta bi ta Sanam da Abala zuwa Filinge. Ƙasa ce ta gero da wake da kiwo, inda jarin talaka bai wuce jikinsa ba. Ko shuka kaɗai aka duba an ga matsayin ƙafa: mai sungumi yana gaba yana sara, na baya suna jefa iri suna rufe rami da dunduniya, daga wannan kan gona zuwa wancan, tun safe har rana ta yi tsaka. Noma tafiya ne, kiwo tafiya ne, ɗiban ruwa tafiya ne. Da kaka ta wuce samari su kama hanyar bida, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya, wasu kuma ramukan zinariya na Jado tun da aka gano ta a 2014. Aikin da ke jiransu can dako ne da talla da turin baro, ba na zaman kujera ba. Idan ƙafar ɗayansu ta tafi, ba shi kaɗai ya gurgunce ba: tsohuwar da ke jiran aike, da matar da ke auna hatsi da tiya, da ƙanen da za a yi wa aure, duk sun yi ɗingishi tare da shi.

Hanyoyin da ƙafa ke bi ta salwanta sanannu ne. Akwai hatsarin babur da na motocin kasuwa masu lodin mutane bisa kaya. Akwai ciwon sukari, wanda ke kashe jin tafin ƙafa har ƙaya ta soki dattijo bai sani ba, gyambo ya kafu ya ƙi warkewa. Akwai saran kububuwa lokacin noma da girbi, da igiyar da ake ɗaurewa tamau bisa wurin saran a bar ta yini guda. Akwai injin niƙa mai cin hannu, da rami mai ruftawa. Bindiga da nakiya ma sun shigo lissafi. Mutanen Tawa ba su manta da nakiyar da ta tashi cikin garinsu a watan Disamba na 2007 ba, rana ɗaya da ta Maraɗi, lokacin tawayen arewa. Kuma harin da aka kai ƙauyukan Tiliya, maƙwabciyar Tebaram daga arewa, ran 21 ga watan Maris 2021, ya ci ran mutum 137. A irin waɗannan ranaku gawawwaki ake ƙirgawa. Waɗanda suka tsira da rauni, lissafinsu yakan tsaya ƙofar asibiti.

Amma hanyar da ta fi ban takaici ita ce ta ɗori, domin ita ce ta fi sauƙin tarewa. Yaro ya faɗo daga jaki ko daga itace, hannu ko ƙafa ta karye, a kai shi wurin maɗori. A jera karare, a ɗaure da tsumma, a tamke. Karaya kuwa kumburi take yi cikin kwanakin farko. Idan ɗaurin bai bar wa kumburin wuri ba, sai ya matse jijiyoyin jini. Naman da jini bai kai gare shi ba, cikin awa 6 zuwa 8 ya soma mutuwa. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: zafi yana ƙaruwa maimakon ya ragu, yatsu su yi sanyi, su daina ji, su soma baƙi. Yaro yana kuka, manya suna cewa ya yi haƙuri, ƙashi ne ke kamawa. Ranar da wari ya tashi aka nemi mota, abin da ya rage wa lokotoro shi ne ya raba mataccen nama da mai rai don ya ceci yaron. Likitocin fiɗa na Sakkwato da Zariya da Maiduguri sun daɗe suna rubutu a kan wannan masifa, har ta sami suna nata na kanta cikin littattafansu.

Ba a ce maɗora duka maɓarnata ne ba. Da yawansu gadon sana'ar suka yi, sun ɗora ƙasusuwa ba iyaka sun kama, kuma su ne ke kusa, su ne ke karɓar kaza ko alkawarin kaka a maimakon kuɗi. Wanda ya ce a hana su aiki bai san karkara ba. Abin da aka gwada ya yi amfani shi ne a zauna da su. A Arba Minc, kudancin Habasha, an tara maɗora da ƙananan ma'aikatan lafiya aka yi musu horo na ɗan gajeren lokaci a kan sassauta ɗauri da gane alamun haɗari, rahoton da aka buga a 2005 kuma ya nuna yankan gaɓoɓi sanadin ɗori ya ragu ƙwarai. Babu inji a cikin wannan, babu kuɗin waje masu yawa. Magana ce da girmamawa.

Akwai kuma wani zagaye da ya kamata a faɗa a fili. Mutanen ƙauye suna tsoron asibiti don an ce can ake yanke ƙafa, sai su jinkirta. Jinkirin ya sa ba su isa sai ƙafa ta ruɓe, sai a yanke. Wanda aka yanke ya komo gida, maƙwabta su gani su ce ai ga abin da ake faɗi. Haka tsoro ke haifar abin da ake tsoro, shekara da shekaru. Babban asibitin Tawa da na Galmi, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950, sun ga irin wannan ba adadi.

To, an yanke. Daga nan ne lissafin da ba a faɗa wa dangi yake somawa, kuma abu na farko cikinsa gwiwa ce. Wanda aka yanke ƙasa da gwiwa, in ya sami ƙafa mai kyau, ƙarfin da yake kashewa wajen tafiya ya ɗara na mai ƙafa biyu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Yana iya noma, yana iya hawan keke, wani ma ba a gane shi cikin wando. Wanda aka yanke bisa gwiwa, ƙarin ya haura rabi, ƙafarsa kuma tana bukatar gwiwar ƙarfe mai tsada mai saurin lalacewa cikin rairayi. Kwana biyu na jinkiri a gida suna iya zama bambanci tsakanin waɗannan mutane biyu. Kuma ko an ceci gwiwar, ana iya rasa ta a kan tabarma: majinyacin da ya yi wata biyu kwance da gwiwa a lanƙwashe, don haka ya fi masa daɗi, jijiyoyin sukan ƙage ta ƙi miƙewa, ƙafar roba kuwa ba ta zama a kan gwiwar da ta ƙage. Dungun kansa sai an riƙa naɗe shi da bandeji kullum don kumburi ya sauka ya yi siffar da za ta shiga kube. Wanda aka sallama ba a nuna masa wannan ba, an ba shi rabin magani.

Sai wani abu da masu dungu ba su cika faɗa ba don gudun a ce sun taɓu. Mafi yawansu suna ci gaba da jin ƙafar da aka binne. Wani ya ji ƙaiƙayi a babban yatsan da babu shi, wani ya ji kamar ana murɗa dunduniya ko ana ƙona ta, wani ya farka da dare ya miƙe zai taka ya faɗi. A ƙauye nan da nan sai a ce iska ce, ko sammu, ko ƙafar ce ke kira don ba a binne ta daidai ba, a shiga kashe kuɗin da babu wajen neman tsari. Alhali abin sananne ne tun da daɗewa. Wani likitan sojan Faransa, Ambroise Paré, ya bayyana shi tun ƙarni na 16, wani na Amurka kuma, Silas Weir Mitchell, ya raɗa masa suna a 1871 bayan ya duba sojojin yaƙin basasar ƙasarsu. Ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da taswirar jiki, ba ta kuwa goge ƙafa daga taswirar ranar da wuƙa ta cire ta. Har akwai dabarar rage wannan ciwo da madubi, wadda aka soma a shekarun 1990: a ajiye madubi tsakanin cinyoyi, mutum ya dubi hoton lafiyayyar ƙafarsa yana motsa ta, ƙwaƙwalwa ta ga kamar ɗayar ce ta komo. Ba kowa take yi wa aiki ba, amma kuɗinta kuɗin madubi ne. Majon likita da ya ɗauki minti biyar ya gaya wa majinyaci cewa wannan ji ba hauka ba ne, ya raba shi da rabin wahalarsa, ya kuma tsare masa akuyarsa.

Ita ƙafar, ba a ɗauko ta daga kanti. Sassa uku gare ta: tafi, da sanda, da kube, wato ramin da dungu ke shiga. Tafi da sanda ana yin su a masana'anta, a sayo da lamba kamar takalmi. Kube kuwa na mutum ɗaya ne tak a duniya. Sai an shafe dungu da filasta an ɗauki siffarsa, a zuba, a sassaƙe, a rage nan a ƙara can don nauyin jiki ya sauka inda nama ke iya ɗauka ya kauce wa ƙashi, sa'an nan a gasa roba a tanda a lulluɓa. Kuskure kamar kaurin farce ya isa ya fidda gyambo cikin mako guda. Shi ya sa maƙeri ko mai walda, kome gwanintarsa, ba ya iya wannan sashe. Masu yinsa shekara 3 suke karatu, da yawa daga na ƙasashe masu Faransanci a makarantar ENAM ta Lome. Bayan an gama sai koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu, mako biyu ko uku, ana gyara ana ƙarawa. Wata shida ko shekara bayan haka dungu ya ƙara ramewa, kuben farko ya yi yawa, ya soma gugar fata. A nan ne ƙafafu da yawa ke hawa bango. Ba karyewa suka yi ba. Gyara ne na yini ɗaya suka rasa.

Kuɗinta fa? A Amurka ƙafa guda tana kamawa daga dala 5,000 har 50,000, dalar Amurka ke nan, ba dalar kasuwar Tawa ba. Wannan ba zancen Adar ba ne. Wadda ake yi a ƙasashe irin Nijar da robar polipropilen, dabarar da ƙungiyar agaji ta CICR ta yaɗa tun farkon shekarun 1990, ta fi araha nesa ba kusa ba, amma duk da haka in ba da tallafi ba da ɗaruruwan jikkuna ake zancenta, a ƙasar da albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke ya zama jika 42 a wata a Janairun 2024, manomin Tebaram kuwa ko wannan ba shi da shi. Dalilin tsadar shi ne kayan daga ƙetare suke zuwa. Ranar da aka karya darajar sefa da rabi, a watan Janairun 1994, farashin duk abin da ake sayowa da kuɗin waje ya ninka dare ɗaya. Da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, da tsawon hanya da tsadarta. Abin dariya, abin kuka: farin dutsen da ake yin filasta da shi, wanda Turawa ke kira jips, a ƙasar Adar ake tsintarsa ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza.

Amma ko da ƙafar kyauta ce, hanya ba kyauta ba ce. Ba a ƙera ƙafar roba a Tebaram. Manyan ɗakunan wannan aiki da aka sani suna babban asibitin Ƴamai da na Damagaram. Akwai kuma cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda ta daɗe tana kula da ƙafafun masu ciwon kuturta, da asibitin CURE na yara da aka buɗe a Ƴamai a 2010. Gajeruwar hanyar Ƴamai daga Tebaram ta ratsa Sanam da Abala, yankin da tsaro ya taɓarɓare tun shekarun baya. Mai gudun wannan sai ya yi gabas zuwa Tawa tukuna, sa'an nan ya gangara Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, wajen kilomita 550 daga Tawa. Mai ƙafa ɗaya ba ya wannan tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya: kuɗin mota na mutum biyu zuwa da komowa, abincin mutum biyu na mako uku a birnin da ko ruwa saye ake, wurin kwana in babu ɗan uwa a unguwa, ga gona ko tasha da ɗan rakiyar ya bari. Sau da yawa sai an sayar da tunkiya ko an jinginar da gona. Iyali suna iya yin wannan sau ɗaya, don kunya da ƙauna. Sau na biyu, don a rage faɗin kube, sai a ce masa ya ƙara tsumma ya yi haƙuri. Sau na uku ba a ma tada zancen.

Yaro ya fi kowa shan wannan. Yana girma, ƙafar roba ba ta girma. Kusan kowace shekara sai an sake masa, wani lokaci ma ƙashin dungun ya ci gaba da tsawo ya nemi huda fata sai an koma fiɗa. Uban da ya ga lissafin yakan zaɓi sanda, daga sanda a bar lakwal don tana da nisa, daga nan kuma hanyar bara a buɗe take a Tawa ko Ƴamai. Mace kuwa nata ya bambanta. Namiji mai ƙafa ɗaya yana iya zama bakin kasuwa da tebur, ya koyi ɗinki ko gyaran rediyo, a ci gaba da kiransa mai gida. Aikin mace a karkara tsaye ake yinsa: daka, jan guga a rijiya mai zurfi, itace, goyo. In ta kasa, ba a daɗe ba a soma zancen kishiya ko na komawa gidan iyaye. In budurwa ce, masu zuwa zance su ɗauke ƙafa. Kuma in kuɗin tafiya Ƴamai na mutum ɗaya ne a gidan, kowa ya san wanda za a tura.

Akwai darasi daga Indiya da ya dace da nan. Ƙafar da Turawa suka tsara, ta mai zama kan kujera ce, mai sa takalmi sau ciki, mai taka daɓe. A birnin Jaifur, a 1968, wani likitan ƙashi, P. K. Sethi, da wani gwanin sassaƙa, Ram Chandra Sharma, suka lura manoma suna yar da irin wannan ƙafa don ba ta barinsu su tsuguna ko su harɗe a ƙasa ko su shiga laka. Suka ƙera tafi da roba irin ta taya da itace, mai lanƙwasuwa, mai kamar ƙafar mutum, wanda ake takawa ba takalmi. Ƙungiyar da aka kafa a 1975 don raba ta kyauta take bayarwa, kuɗin yin guda kuma bai kai dalar Amurka 100 ba. Ba a ce ita ce maganin kome ba, tana da nata nauyi da nata aibi. Abin lura shi ne tambayar da suka fara yi: yaya mai ƙafar yake rayuwa? Mutumin Adar a tabarma yake cin tuwo, tsugune yake kewayawa, yana son ya durƙusa ya kai goshi ƙasa cikin sahu kamar kowa, ko da yake addini ya sauƙaƙe masa ya yi salla zaune. Ƙafar da sai an kwance ta sau biyar a yini, a zafin watan Afrilu da gumi ke cika kube, ba ta daɗewa a jiki.

Ta wajen doka ba a bar Nijar baya ba. Dokar 2 ga watan Maris 1993 ta shimfiɗa haƙƙoƙin naƙasassu, har ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun da ke da ma'aikata 20 ko fiye. Wata ta 1996 ta yafe musu kuɗin gani da na kwanciya a manyan asibitocin ƙasa. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, a Disamban 2019 aka yi sabuwar doka, a watan Satumba na 2024 kuma aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Duk waɗannan abin yabo ne. Sai dai gurbin aikin ofis na mai takardar lakwal ne, yafiyar kuɗin gado kuma ta wanda ya iso bakin gadon ce. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a 2017 cewa mutum 1 cikin 200 yana bukatar gaɓar roba ko abin tallafar gaɓa, kuma 1 cikin 10 kaɗai ke samu. A bisa wannan ma'auni jahar Tawa, wadda ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan 3 da dubu 300, tana da mabukata fiye da 16,000 tun a wancan lokaci.

Shekaru da dama wani ne ke toshe wani sashe na wannan rami. Tun 2012 CICR ta tallafa wa ɗakin ƙera gaɓoɓi na babban asibitin Ƴamai, daga baya na Damagaram, da kaya da horo, takan kuma ɗauki nauyin mota da masauki na wasu marasa hali masu zuwa daga nesa. A watan Fabarairun 2025 hukumomin ƙasa suka umurce ta da ta tattara ta fita, a watan Yuni ta sanar da rufe ofisoshinta. Ƙasa tana da ikon zaɓen baƙin da za ta sauka, wannan ba a musu. Amma wanda ya sallami mai kawo itace ya ɗauki alkawarin hura wutar da kansa. Ma'aikatan ƴan ƙasa ne, tanda da injuna na asibiti ne. Abin tambaya shi ne layin da ke cikin kasafin kuɗi na sayen roba da tafi da gwiwa kowace shekara, da wanda zai biya motar mutumin da aka auna wa ƙafa a 2023, wadda wa'adinta ke cika yanzu.

Ba sai an gina wa kowace komin ɗakin ƙera ƙafa ba, ba a ma iyawa. Abin da Tebaram ke bukata ya fi haka ƙanƙanta. Littafi guda a gidan likita, mai sunan duk wanda aka yanke wa gaɓa a ƙauyukan komin, da ranar da aka sa masa ƙafa, da lambar tafinsa. Zama da maɗora da masu maganin maciji sau ɗaya a shekara, da sarakuna da limamai a wurin don maganar ta yi nauyi. Ɗan kaso daga asusun komin, ko daga kuɗin da ƴan bida ke tarawa a Abijan don masallaci da rijiya, na motar wanda gyaransa ya fi ƙarfin gida. Dukawan Tawa, waɗanda aikin fatarsu ya yi suna, suna iya ɗinka maɗauri in an nuna musu awo, masu walda kuma sun riga sun iya sanduna da kekuna. Sa'an nan ma'aikaci guda mai takardar wannan sana'a ya riƙa fitowa daga birni ran kasuwa da akwatinsa: safar dungu, maɗauri, kusoshi, tafi na kowace lamba, magogi, da ɗan abin gasa roba. Sau biyu a shekara ma ya rage asara mai yawa, in an zaɓi lokacin da kyau: ɗaya bayan girbi, sa'ad da akwai ɗan kuɗi a hannu kuma samari ba su tafi ba, ɗaya a watan Mayu, kafin ruwan shuka ya sauka.